Tambaya da Amsa: Kafin ka ba da kuɗinka a kan sifika

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan sifika ne, na ɗauko guda huɗu waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina zaune wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, ina da laftof da nake ɗora wa a tebur ina sauraren lakca da karatun Alƙur'ani, wani lokaci waƙa ko fim da dare, to sautinta wallahi ba ya fita sai na kara kunne. Na shiga kasuwa na ga wata sifika mai wufa, wato akwatin nan mai fitar da sauti mai kauri, an rubuta 3000W a kwalinta kuma kuɗinta da sauƙi, sai wata kuma ƴan biyu ƙanana an rubuta 42W amma ta fi waccan tsada nesa ba kusa ba. Mi ya sa haka? Wacce zan ɗauka dan Allah?

Amsa: Ƙanena sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ba ka biya ba sai da ka tambaya. Koma ka duba kwalin nan mai 3000W da kyau, za ka ga wasu ƙananan haruffa a gefen lambar, PMPO. Ita kuma mai 42W za ka ga RMS. To nan maganar take. RMS shi ne ƙarfin da sifikar za ta iya riƙewa tana ta aiki ba tare da muryar ta fashe ba, shi kuwa PMPO babu wata ƙa'ida ɗaya da kamfanoni suka yarda da ita wajen auna shi, kowa abin da ya ga zai ja hankalin mai saye yake bugawa. In kana son ka tabbatar da kanka, juya bayan wufar ka karanta ƴar takardar da ke manne kusa da wayar wuta, za ka ga wutar da take ja gaba ɗaya, sau da yawa wat 30 ne ko 40. Abin da ke shan wat 40 daga soket ta ina zai fitar maka da 3000? Ba ya yiwuwa. Kamfanonin da suka san abin da suke yi suna rubuta duka biyun ne a fili, misali Logitech Z313 za ka ga 50W na ƙololuwa da kuma 25W RMS, to 25 ɗin ita ce abin dubawa.

Sannan ko RMS ɗin ma kada ya ɗauke maka hankali sosai. In aka ninka wat sau biyu ƙarar da ke ƙaruwa desibel 3 ce kacal a ma'aunin ƙara, kunne zai ji an ɗan ƙara amma ba wani abin a zo a gani ba, kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka sai an ninka wat ɗin kusan sau 10. Kai kuma da kake zaune kamu ɗaya ko biyu daga sifikar, a ɗakin ɗalibi, wat 10 zuwa 20 na gaskiya ya ishe ka har maƙwabcin ɗakinka ya ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ni shawarata gare ka, tunda yawancin abin da kake saurare murya ce, ɗauki ƴan biyun nan, wato 2.0, ka bar mai wufar. Dalili kuwa, irin waɗannan 2.1 masu arha, wato ƙanana biyu da wufa ɗaya, ana zuba kuɗin ne a akwatin wufar na ƙasa don ya yi dum dum a shago ya burge mutane, sai a bar ƙananan na sama ƴan mitsi-mitsi da roba mara nauyi, alhali muryar ɗan Adam a tsakiya take, tsakanin sauti mai kauri da siriri, kuma daidai tsakiyar nan ne suke barin rami. Shi ya sa za ka ji tebur na girgiza amma malamin da ke lakca kamar yana magana a cikin randa. Mai karatun Alƙur'ani kuwa kana son ka ji fitar kowane harafi, sin da sad su bambanta, wannan aikin tuwita ne mai kyau, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, da kuma akwati mai nauyi, wufa ba ta da hannu a ciki. Na yi zaton 42W ɗin da ka gani Edifier R1280T ce ko ƴar uwarta, in ita ce to akwatin katako ne, babban bakin inci 4, da tuwita a sama, kuma tana da wajen rage bes da tirebul, wato kaurin sauti da sirantarsa, a gefe. Tana da kyau ƙwarai a tebur. In aljihu bai kai ba, ko kuma unguwarku wuta ba ta zama, akwai irin su Creative Pebble da ke shan wuta daga USB ɗin laftof, wat 4.4 ne kawai, ba za ta cika falo ba amma a gabanka ta fi sifikar laftof sau nawa, kuma ko an ɗauke wuta tana tare da kai muddin akwai caji.

Ajiyewar ma rabin aikin ce, kuma kyauta ce. Kada ka haɗe su waje ɗaya kamar yadda nake gani a ɗakunan samari da yawa. Ɗaya dama ɗaya hagu, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowacce zuwa kanka, ka ɗan karkato su su kalle ka, tuwitar ta zo saitin kunnenka, in tebur ya yi ƙasa ɗora su a kan littattafai masu kauri. Ka kuma bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu da bango musamman in ramin iskarsu a baya yake.

Tambaya: Salam. Ni uwargida ce daga Daura. Maigida ya sawo mana sabuwar talabijin ƙatuwa irin ta manne a bango, hoto kam masha Allah, amma in muna kallon fim ba a jin maganar mutane, in na ƙara sai kiɗa ko harbi ya zo ya tada min yara daga barci, haka zan yi ta riƙe da rimot ina ƙarawa ina ragewa har fim ya ƙare. Shi ya ce hom tiyata mai sifika biyar za mu saya. Shin zai magance?

Amsa: Hajiya ina gaisuwa, a gaida Alhaji da yara. Wannan matsalar taku ita ce ta kusan kowane gida yanzu, kuma ba lalacewa talabijin ɗin ta yi ba. Tsofaffin talabijin masu ƙeya suna da wuri a ciki, sifikarsu na kallon mutum. Na yanzu sun sirance har babu inda za a sa sifikar kirki, sai a maƙala ƴan ƙanana suna kallon ƙasa ko bango. Na biyu, finafinan waje na Amurka da na Indiya ana haɗa sautinsu ne don sinima, layi shida, wato 5.1, kuma maganar ƴan wasa kusan duk a layi ɗaya ake zuba ta, na tsakiya. In talabijin ta matse layukan nan shida ta mayar da su biyu, sai maganar ta nutse a cikin kiɗa da ƙarar motoci.

Kafin a kashe ko sisi, ki shiga saitin sauti na talabijin ɗin ki nemi inda aka rubuta Clear Voice ko Speech ko Dialogue, kowane kamfani da sunan da yake ba shi, ki kunna. Akwai kuma Night Mode ko Auto Volume, shi ne mai danne ƙarar harbi ya ɗago magana, daidai abin da kike yi da hannu da rimot. Gidaje da yawa nan ma ya ishe su.

In bai isa ba, to a gaskiya ni ban goyi bayan mai sifika biyar ba a yawancin falukanmu, kuma ina roƙon Alhaji ya saurare ni. Amfanin 5.1 sai an kai biyu bayan kujerar masu kallo, an ja waya ta bi bango, ɗaya ta zauna daidai ƙarƙashin talabijin. Amma shiga gidaje ki gani, duka biyar ɗin an jera su a kan teburin talabijin saboda ba wanda ke son waya ta ratsa tsakar falo yara na tuntuɓe, to an biya kuɗin biyar ana cin amfanin biyu. Ga shi kuma mafi yawan abin da muke kallo, finafinan Hausa a YouTube, wa'azi, labarai, layi biyu ne tun asali, babu abin da zai je wa na bayan sai abin da na'urar ta ƙirƙira da kanta. Abin da ya fi dacewa da ku shi ne doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin, sawunba, kuma ki nemi wadda aka rubuta 3.1, lambar 3 ɗin na nufin tana da baki na musamman a tsakiya don magana kawai. LG da Samsung da Hisense da JBL duk suna yi. Wufarta galibi ba ta da waya zuwa sandar, sai ta wuta kawai, kuma za ki iya rage ta da dare, don shi bes shi ne mai ratsa bango ya shiga ɗakin yara da gidan maƙwabta ko da maganar fim ɗin ba ta kai can ba. Kada a cusa wufar a kusurwa, kusurwa na kumbura bes ya zama gurnani.

Wajen haɗawa, ki duba bayan talabijin, cikin ramukan HDMI akwai ɗaya da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa, nan za a soka, ribarsa rimot ɗin talabijin shi zai riƙa ƙara da rage sautin, ba sai kin riƙe biyu ba. In babu, a yi amfani da wayar oftikal mai jan haske a baki. In an haɗa aka ji shiru, a je saitin fitar sauti a mayar da shi PCM. Bluetooth kuwa a bar shi wa waya da sauraren karatu, a fim yakan makara kaɗan, sai ki ga baki ya motsa kafin magana ta iso, kuma in ido ya fara lura da wannan ba ya dainawa.

Abu na ƙarshe Hajiya, ki tsaya tsakiyar falon ki tafa hannu sau ɗaya. In kin ji tafin ya dawo miki, to falon ne da kansa ke cinye maganar. Tayil a ƙasa, silin POP a sama, bango fes ba komai, sauti sai ya yi ta karo yana dawowa yana hawa kan wanda ke biye da shi. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin da labule mai nauyi a taga za su gyara miki abin da sifika mai tsada ba za ta gyara ba.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Katsina, sifikar kwamfutata tana wani ƙugi zzzz in muna kan inbata ko janareta, ko in na soka cajar laftof. Ta lalace ne?

Amsa: Ɗan uwa da wuya in ta lalace. Gwada wannan: zare cajar, laftof ta koma kan batir, in ƙugin ya ɗauke to daga wuta yake shigowa yana bin wayar sauti. Ka soka caja da sifika a ekistenshin ɗaya, ka raba wayar sauti da wayoyin wuta kada su nannaɗe da juna, ka canza ƴar siririyar wayar in ta arha ce. In bai bari ba akwai ƙaramar na'ura da ake sawa a tsakanin wayar, ground loop isolator ake rubutawa a jikinta. Ƙananan inbata masu arha kuma wutarsu ba ta fita sumul, ba pure sine wave ba ce, taransifomar cikin sifika ba ta son irin wannan wutar, ita ce ke sa ta kuka har ta yi zafi. Kuma dan Allah ka sa mata sitabilaiza ko abin kare hawan wuta, ka riƙa kashe ta a soket in an ɗauke, don lokacin dawowar wuta ne kayan nan suka fi ƙonewa.

Tambaya: Yallaɓai ya kake ganin ƴan Beljiyam? Wani ya ce min tsohuwar Sony ko Yamaha ta hannu ta fi sabuwa ta yanzu. Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Yana da gaskiya a wani ɓangaren, akwai tsofaffin da har gobe ba a kama ƙafarsu ba, amma sai ka buɗe ido. Fara da bayanta: wutarmu 230V ce, kayan da aka yi wa Amurka 120V ne, na Japan 100V, in ka soka irin wannan kai tsaye a soket ɗinmu hayaƙi za ka gani. Ka nemi wadda aka rubuta 220–240V ko 100–240V, in ba haka ba sai da taransifomar rage wuta. Cire ragar gabanta ka duba zoben da ya kewaye bakin, in na soso ne yakan ruɓe da shekaru, zafinmu kuma na ƙara gaggauta shi, taɓa shi a hankali da yatsa in yana marmashewa ka bar ta ko a rage maka kuɗin gyara. Ka kara kunne a kowace tuwita ka tabbatar tana fitar da sauti, don ita ce ke fara mutuwa kuma a hayaniyar kasuwa ba a lura. Ka tabbatar kuma ko mai amfilifaya ce a ciki, wato na'urar da ke ba ta ƙarfin sauti, ko sai ka saya daban, da yawa sun kai gida sun tarar babu inda za a soka wuta.

Sabuwa ce ko ta hannu, ka tafi da abin gwajinka a waya, muryar wanda ka saba ji sosai, mai karatu ko mai labarai, kada ka yarda da kiɗan da mai shago zai sa maka. Ka ce ya rage ƙarar zuwa yadda za ka ji a gida da dare, in kana fahimtar kowace kalma a haka sai ka ƙara har kusan ƙarshe ka ji ko za ta fara karkarwa. Ka karɓi rasit, ku yi magana a kan kwana nawa za ka iya dawo da ita. In hunturu ya shigo kuma ka riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ka kashe, ƙura na shiga wajen murɗa ƙara ta sa shi ƙarar ƙas ƙas.