Na taka feda, bes ɗina ya ɓace: wacce zan fara saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kaɗa jitar bes mai tsirkiya huɗu a wata ƙungiyar makaɗa a Kaduna, muna zuwa bukukuwa da liyafa. Na ari fedar abokina mai kaɗa jita, wato ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa, koriyar nan Tube Screamer, na gwada a ɗaki na ji daɗinta. Da muka hau dandali na taka ta sai bes ya ɓace, har mai ganga yana waiwayena. Ga kuma wani ƙugi da ke tasowa a sifika da zarar an koma janareta. Yawanci ba ni da amfilifaya, a mikisa, na'urar haɗa sautin makaɗa, ake jona ni kai tsaye. Kuɗina ba yawa. Wace feda zan fara saya? Ƙanana zan riƙa tarawa ɗaya bayan ɗaya, ko in sayi babba guda mai komai a ciki?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Mayar wa abokinka fedarsa, lafiyarta ƙalau, sai dai ba don kai aka ƙera ta ba.

Tsirkiyarka mafi kauri, wato E, tana karkarwa kusan sau 41 a sakan ɗaya. Mafi kauri a jitar abokinka sau 82 take yi. Ita Tube Screamer, wadda kamfanin Ibanez ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, da gangan aka tsara ta ta ƙara ƙarfi da kaushi ga sautin da ya haura wajen karkarwa 720 a sakan, ta bar na ƙasa da haka kusan yadda ya shigo. Ga mai jita wannan alheri ne, don shi ke hana kiɗansa cakuɗewa. Kai kuwa da ka taka ta sai saman sautinka ya yi tsalle, dole ka rage maɓallin Level don kada ƙara ta yi yawa, gindin sautin ya bi shi ƙasa. A ɗaki kai kaɗai ba za ka lura ba, kunnenka na can wajen sabon kaushin. A dandali kuwa wurin da fedar ta tura ka nan ne gidan jita da fiyano da farantan mai ganga, kuma sun fi ka ƙarfi a can. Ka baro wurinka babu kowa, ka je inda ba a jin ka. Mai ganga ya waiwaye ka ne don gangar ƙafarsa da kai take tafiya.

Fedodin kaushi da aka yi domin bes suna magance wannan ta hanya guda: suna raba sautin gida biyu, ɗaya ya bi ta cikin kaushi, ɗaya ya wuce tsaf yadda ya fito daga jita, sannan a haɗa su a bakin fita. Kamar surka ruwan wanka ne, kai ke sanin yawan zafin da kake so. A kan Darkglass B3K, ta ƙasar Finland, an rubuta wa maɓallin Blend. A kan Boss ODB-3 an rubuta Balance. Bass Big Muff ta Electro-Harmonix tana da ɗan makunni mai wurin da aka rubuta Dry. Duk fedar kaushin da ka duba ba ka ga irin wannan ba, ka gwada ta da kyau kafin ka fitar da kuɗi. Kuma kada ka saita ta kai kaɗai. Ka bari sai ƙungiya tana kaɗawa, ka fara daga tsaftataccen sauti zalla, ka riƙa ƙara kaushi kaɗan-kaɗan har ka ji gurnani ya leƙo ta tsakanin jita da fiyano, ka tsaya nan. Sannan ka taka ka kashe, ka taka ka kunna, ka daidaita Level har nauyin ya zama ɗaya ko tana kunne ko tana kashe.

Amma ni ba kaushi zan fara saya maka ba. A kiɗan biki, waƙa nawa ce ke neman bes mai gurnani? Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne jona ka da ake yi a mikisa kai tsaye. Jitar bes da ba ta da batir a cikinta sautinta ba ƙarfi, kuma maganaɗisunta da ke ɗaukar sautin tsirkiya na son shiga ƙofar da ba ta matsa musu, mai turjiyar lantarki wajen om miliyan ɗaya kamar ta amfilifaya. Ƙofar layi ta mikisa yawanci wajen om dubu 10 take. Sai sautin ya iso a raunane, ya dushe, mai mikisa ya yi ta ƙara murɗawa, ƙugi da huci su taso tare da kai. Ga shi kuma doguwar wayar jita, mai tsawon da zai kai ta wajen mikisa, tana kwasar duk hayaniyar lantarkin da ke fili.

Maganin wannan shi ne akwatin DI, kuma da za ka samu wanda ke haɗe da maɓallan gyaran sauti da ya fi. Kana shiga da gajeriyar wayar jita, ka fita da wayar makirufo mai haƙori uku, wadda ke tafiya mita da yawa ba ta ɗauki ƙugi ba. Wanda aka fi sani shi ne SansAmp Bass Driver DI na kamfanin Tech 21 na Amurka, yana kasuwa tun shekarun 1990, kuma yana iya cin wutar bolt 48 da mikisa ke turowa ta wayar makirufo, ba sai da adafta ba. In ya fi ƙarfin aljihunka, Behringer BDI21 kwaikwayonsa ne mai araha. Jikinsa roba ne, sai an lallaɓa, amma yana aikin. Halinsu guda da ya kamata ka sani: suna ramar da tsakiyar sauti. Wanda ya cika Bass da Treble zai ji daɗi a ɗaki ya sake ɓacewa a dandali. Ka ja su baya kaɗan, ka rage Blend, tsakiyar za ta dawo. Sabon samfurin SansAmp ma an ƙara masa maɓallin Mid saboda haka. Suna kuma da Drive, wanda zai ba ka ɗan kaushin da ka ji ka so a fedar abokinka ba tare da ka rasa gindi ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin fitattun faya-fayan Motown a Detroit cikin shekarun 1960, kai tsaye ake jona Fender Precision ɗinsa a na'urar ɗaukar sauti, ba tarin fedodi a gabansa.

Na'urar saita tsirkiya ba abin dogon bayani ba ce. Ta maƙalawa a kan jita ta wadatar in kuɗi sun yi kaɗan. Fifikon ta takawa, irin Boss TU-3, shi ne tana yanke sauti, ka saita ko ka zare waya baƙi ba su ji "ɓam" a sifika ba.

Sai kwamfiresa, wadda ita ce ta biyu a wurina, kuma ita ce masu fara saye suka fi rainawa don in an taka ta ba a jin wani sabon abu. Saurari kanka a faifan da aka ɗauka a wajen biki. Za ka ji tsirkiyar E tana cika fili, G tana fitowa siririya, in kuma ka daki tsirkiya da babban yatsa sifika ta yi kamar za ta yage. Kwamfiresa tana danne abin da ya yi tsalle, sai a samu damar ɗaga sauran, bes ya zauna daram a wuri guda. In taka mai maɓallai da yawa ce, irin MXR M87, ka sa Ratio a 4, ka murɗa Input har fitilunta su riƙa motsi kaɗan in ka kaɗa da ƙarfi, su koma in ka sassauta. In fitilun na kunne kullum, ka matse ta da yawa, kiɗanka zai rasa rai, kuma duk lokacin da ka yi shiru za ta ɗago maka ƙugin da ke kwance. Attack, mai saita saurin da take fara dannewa, kada ka sa shi can ƙarshen sauri, ka bar bakin sautin ya fara wucewa, shi ne ke haɗuwa da bugun gangar ƙafa. Ba ta gyara hannun da bai daidaita ba, wannan sai atisaye.

Yanzu ƙugin janareta. Kafin ka zargi kowa, yi wannan gwajin a wurin da abin ke faruwa. Zare adafta, sa wa feda batir mai bolt 9. In ƙugin ya tafi, daga wuta yake shigowa, kuma yawanci adafta ce mai arha da ba ta tace wuta. In bai tafi ba, danna makunnin da ke raba wayar ƙasa (earth) a jikin DI, wanda aka rubuta wa Ground Lift. Sau da yawa kayan dandali na soket ɗaya, mikisa na wani, sai wuta ta sami hanyar zagayawa ta cikin wayar makirufo. A SansAmp, raba ƙasan yana yanke wutar mikisa ma, don haka batir ya kasance a ciki. In har yanzu yana nan, rage maɓallin ƙarar jita zuwa ƙarshe. Ya yi shiru? To maganaɗisunka ne ke kwaso shi. Jita samfurin Jazz Bass tana yin haka in ka buɗe maganaɗisu ɗaya ka rage ɗaya. Buɗe su duka biyu daidai, za su kashe ƙugin juna. Ka kuma matsa daga kusa da janareta da wayoyin fitilun ado.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne karya haƙorin wayar ƙasa (earth) na fulogi don a kashe ƙugi. In ka taɓa riƙe tsirkiya leɓenka ya shafi makirufo ka ji ya tsunkule ka, ajiye jitar, a kira mai gyaran wuta kafin a ci gaba.

Adafta ta lalata fedodi fiye da takawa. Yawancin ƙananan fedodi bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu ita ce negetif (−), gefe shi ne fosetif (+). Adaftocin rediyo da dikoda da ke yawo a gida galibi akasin haka suke, wasu ma bolt 12 ne, kuma bakin na iya shiga daidai. Duba ɗan zanen da ke jikin feda da na jikin adafta, su zama iri ɗaya. Kayan hannu da suka fito daga Amurka kuma adaftarsu ta wutar 120 ce, tamu 230, in ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinta ba kada ka soka ta a bango. Batir kuwa yana ƙarewa muddin waya na soke a ƙofar shiga, ko da fedar a kashe take.

Batun babba ko ƙanana, ga mai kuɗi kaɗan da bai riga ya san abin da yake so ba, ina ganin babba mai araha ta fi. Zoom B1 Four tana da na'urar saita tsirkiya, da kwamfiresa iri-iri, da kwaikwayon amfilifaya, tana jera abu biyar a lokaci guda, tana kuma aiki da batir huɗu na AA ko wutar USB, wato fawa bank ɗin wayarka zai riƙe ta ba ruwanka da janareta. Aibinta biyu. Ba ta da ƙofar wayar makirufo, sai ka haɗa mata ƙaramin DI. Sannan sautukan da kamfani ya zuba mata an cika musu ado don su burge mai gwaji a shago. Share wuri uku ka gina naka: ɗaya tsaf da kwamfiresa, ɗaya mai ɗan kaushi, ɗaya na dukan yatsa. In kuwa kai mutum ne da ba ya son latse-latse a duhun dandali, DI mai maɓallai da na'urar saita tsirkiya sun ishe ka aikin shekara.

Sauran fedodin na marmari ne. Mai ƙara sauti a ƙasa da wanda ka kaɗa, irin Boss OC-2 ta 1982 da Pino Palladino ya yi suna da ita, tana ba da nauyi irin na bes ɗin fiyano, amma tsirkiya ɗaya take bi a lokaci guda, kuma tana rikicewa in ka sauka can ƙasan E. Ka kaɗa daga tsakiyar wuyan jita zuwa sama. Mai "kwak-kwak" ɗin nan ta kiɗan fonk, wadda Bootsy Collins ya shahara da ita ta hanyar Mu-Tron III, ƙarfin yatsanka take bi, don haka in kwamfiresa ta riga ta a layi ta danne komai, ba za ta buɗe baki sosai ba. Koras, mai sa sauti ya fito kamar jita biyu ke kaɗawa tare, na da daɗi a waƙa mai sanyi in tana barin gindin sauti a tsaye, kamar yadda Low Filter na Boss CEB-3 ke yi. Eko kuwa bar wa mawaƙi, a zauren biki bango ma yana ba ka fiye da buƙata.

In sun taru, na'urar saita tsirkiya ce farko, sai mai ƙara sautin ƙasa da mai "kwak-kwak" tun sautin na da tsafta, sai kwamfiresa, sai kaushi, sai koras, DI a ƙarshe. Wasu na sa kwamfiresa a gaba, ba laifi ba ne in kunne ya yarda.

Ranar saye, ko a Kaduna ne ko ka aika Alaba a Legas, in ta hannu ce ka je da jitarka da wayarka da sabon batir, ko wanda ka aika ya je da su. Murɗa kowane maɓalli a hankali daga farko zuwa ƙarshe sauti na fita. Ƙarar "ƙyar-ƙyar" yawanci ƙura ce, feshin wanke lantarki na cire ta, sai dai ta zama dalilin neman ragi. Girgiza kan waya a ƙofar shiga da ta fita ka ji ko sauti na yankewa. Taka makunnin sau da yawa a jere, ya amsa kowane taku. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa, ka sunsuna ko akwai ƙauri. Gwada ta da batir, ka sake gwada ta da adafta, don akwai wadda ɗaya ke yi ɗaya ya mutu. Daga nan ka kaɗa E a buɗe, ka taka, ka kashe, ka sake takawa. In nauyin ya ragu duk lokacin da fitilarta ta kama kuma babu maɓallin da ke dawo da shi, ka bar masa kayarsa.