Tsohuwar kyamarar fim: wane lensi zan ɗaura mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Kawuna ya daɗe yana sana'ar hoto, da ya ajiye aikin sai ya ba ni kyamararsa, Pentax K1000. Jikinta lafiya lau, amma lensin ya faɗi ya tsage. Wani mai kayan gwanjo ya nuna mini guda uku: SMC Pentax-M 50mm f/1.7, da SMC Pentax-M 50mm f/1.4 wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon, sai Helios-44-2 58mm f/2. Abokaina sun dage cewa f/1.4 shi ne na manya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa kawu da alheri, kyamara mai juriya ya ba ka. Kamfanin Pentax ya fara yin ta a 1976, bai daina ba sai 1997, kuma batir ɗin da ke cikinta na mitar awon haske ne kawai, ko ya mutu za ta ci gaba da ɗauka. Ka ɗauki f/1.7 ɗin matuƙar gilashinsa garau yake, rarar kuɗin ka sayi fim da ita.

Kafin maganar lamba, abin da ake fara dubawa shi ne baki, wato inda lensi ke ƙulluwa da jikin kyamara. Kowane kamfani da nasa. Taka tana da bakin K, wanda Pentax ya fito da shi a 1975, don haka na Pentax ɗin nan biyu za su zauna daram: ka daidaita jan ɗigo da jan ɗigo, ka murza kaɗan, ka ji ƙas. Helios-44-2 kuwa bakin M42 gare shi, mai zare, ana murɗa shi ne kamar noti. Sai da adafta zai hau. An yi sa'a tazarar da ke tsakanin baki da fim iri ɗaya ce a K da M42, milimita 45.46, saboda haka adafta mai kyau ba ya ɓata komai. Amma sai wanda ke nutsewa gaba ɗaya cikin bakin kyamarar. Akwai masu arha da ke da leɓe a waje, suna ɗan tura lensin gaba, sai ka tarar abin da ke nesa ya ƙi fitowa tar ko ka kai zoben saiti, wato zoben da ake murzawa hoto ya fito tar, ƙarshe.

Me ya sa duk ukun suke kusa da 50? Kowane hoto a fim ɗin 35mm, irin wanda kyamararka ke ɗauka, faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma kusan 43. Lensin da tsawonsa ya yi kusa da wannan yana fito da abubuwa ba tare da ya matse su ko ya baza su ba, kusan yadda ido ya saba gani. Tun da kyamarar Leica ta fito kasuwa a 1925 da lensi mai milimita 50, sauran kamfanoni suka bi sahu. Masu 55 da 58 sun yawaita ne a farkon zamanin kyamarori masu madubi a ciki, lokacin da masu ƙira ke fama da yadda za su bar wa madubin wurin ɗagawa.

To, maganar abokanka. Lambar f tana nuna iyakar buɗewar ƙofar haske, kuma ƙanƙantar lambar ita ce girman ƙofar. Daga f/2 zuwa f/1.4 haske yana ninkawa sau biyu, wannan shi ne mataki guda. Daga f/1.7 zuwa f/1.4 kuwa kusan rabin mataki ne kacal. A kan wannan rabin matakin ake so ka ninka kuɗi.

Yanzu ka lissafa da ranar Zariya. Ka sa fim mai ISO 200, lambar da ke nuna saurin kama hasken fim, ka fita da hantsi rana ta take. Awon da zai yi daidai shi ne f/16 a saurin 1/250 na daƙiƙa, ko f/11 a 1/500, ko f/8 a 1/1000. Nan kyamararka ta tsaya, domin 1/1000 ne ƙarshen saurinta. Fim mai launi yana jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu, sai mu ce ka iya kaiwa f/5.6 ko f/4. Ina f/1.4 a nan? Babu shi, sai dai ka sayi baƙin filta mai rage haske. A f/8 kuwa, in aka ajiye hoton f/1.7 da na f/1.4 gefe da gefe, shi kansa mai gwanjon ba zai ce ga na wannan ga na wancan ba. A inuwar bishiya ko cikin zaure, f/2.8 zuwa f/4 za ka fi zama.

Ba wai f/1.4 ba shi da rana ba. In burinka ɗaukar teburin mai shayi da daddare ne, ko ɗakin amarya da ƙwan fitila ɗaya, rabin matakin nan na iya raba hoton da ya girgiza da wanda ya tsaya. Sai dai ka san abin da za ka tarar: in ka buɗe shi gaba ɗaya, mutum yana tazarar mita ɗaya da kai, abin da zai fito tar kusan kaurin santimita uku ne kawai. Ido ya fito, kunne ya dushe. Da hannu za ka yi saitin, kuma ba za ka ga kuskurenka ba sai an wanke fim. Ga mai koyo, asarar fim ce.

Helios ɗin abin sha'awa ne, amma na biyu ne, ba na farko ba. A Tarayyar Sobiyet aka yi shi, an kwaikwayi ƙirar Biotar ta kamfanin Zeiss na Jamus, kuma shi ne ke zuwa da yawancin kyamarorin Zenit. An san shi da yadda yake juya bayan hoto ya zama kamar guguwa idan akwai ganyaye da ɗigon haske. Matasan intanet sun sa kuɗinsa ya tashi saboda wannan. Amma masana'antu daban-daban ne suka yi shi, wani ya yi kyau wani ya yi laushi, yana sa hoto ya koɗe idan rana ta doke shi ta gaba, kuma zobba biyu ne ke juya ƙofar haskensa: ka buɗe ka yi saiti, ka tsuke da hannu, sannan ka auna haske ka danna. In ka manta tsukewa, hoton ya ƙone.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne lafiyar lensin da ke hannun mai gwanjon, ba sunan da ke rubuce a goshinsa ba. Kayan nan sun yi shekaru da yawa. Ka tafi da kyamarar da wayarka, kada ka yarda a hanzarta ka.

Cire murfin gaba da na baya, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka kunna tocilan ɗin waya ka haska ta baya a karkace, kana leƙawa ta gaba. Ƙura za ka gani, dole, kuma ba ta hana komai, kada ka fasa ciniki a kanta. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa da ke farowa daga gefe yana shiga tsakiya. Fumfuna ce. In ƙarama ce a gefen gilashin gaba, mai gyara zai iya gogewa. In ta daɗe, ta riga ta ci rufin gilashin, ko an goge tabon na nan. Na biyu shi ne hazo, wani fari-fari da ya lulluɓe gilashin ciki baki ɗaya. Shi ne ke sa hoto ya fito ba armashi, baƙi bai yi baƙi ba. Na uku, idan ka ga launuka irin na bakan gizo a gefen gilashin ciki, gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ne ya fara sakewa. Wannan ka bar musu kayansu. Ƙarzuwa kaɗan a gilashin gaba ba ta cika nunawa a hoto ba, amma ta gilashin baya ta fi illa.

Daga nan, a na Pentax ɗin, ka mai da zoben ƙofar haske kan f/16, ka sa ɗan yatsa ka ture ƙaramin ƙarfen da ya leƙo a bayan lensin, ka sake shi. Ganyayyakin ƙofar su buɗe su rufe nan take, caraf. In suna jan jiki, ko ka ga suna sheƙi kamar an shafa musu mai, giris ne ya narke ya gangaro. Irin wannan lensin zai riƙa ƙona maka hotuna domin ba ya tsukewa kafin labulen da ke rufe fim a cikin kyamara ya buɗe. Sai ka murza zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe, ya tafi sumul, ba ƙugi, ba inda yake cijewa. A ƙarshe ka ɗaura shi a kyamarar, ka nufi wata hasumiya ko turken sabis mai nisa, ka kai zoben kan alamar ∞, ka tabbata ya fito tar. In bai fito ba, wani ya taɓa kwance shi bai mai da shi daidai ba.

In f/1.7 ɗin ya faɗi wannan jarrabawa, f/1.4 ya ci, to ka ɗauki f/1.4 ka nemi ragi. In duk sun faɗi, ka tambayi SMC Pentax-M 50mm f/2, wanda shi ne ya fi zuwa tare da kyamarar, kuma ya fi su arha. Dukansu filta mai milimita 49 suke ɗauka. Ka sa guda ɗaya mara launi saboda ƙurar hunturu. Da damina kuma kada ka rufe shi cikin jakar fata a ƙasan akwati. Ka sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ka riƙa fito da shi yana shan haske.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Kaduna nake. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar Nikon FM2 da wani tsohon Nikkor-S 50mm f/1.4 mai kunnuwan ƙarfe a sama. Na gwada ɗaurawa sai na ji yana cijewa. In matsa?

Amsa: Amin, Allah ya gafarta masa. Hajiya, kada ki matsa. Bakin F na Nikon, irin na kyamararki, siffarsa ba ta canja ba tun 1959, shi ya sa mutane ke ɗauka kowane Nikkor yana hawa kowace Nikon. Amma a 1977 kamfanin ya sauya yadda lensi ke sanar da mita inda ƙofar haske take, tsarin da ake kira AI. Kyamarorin da suka biyo baya suna da wani ɗan harshe a gefen baki, kuma zoben tsohon lensi yana danne shi. A FM ta 1977 da FE ta 1978 ana iya ɗaga harshen a kawar da shi. A FM2, wadda ta fito a 1982, ba ya ɗaguwa, in kika tilasta zai lanƙwashe ko ya karye.

Ki duba zoben ƙofar hasken. Na AI yana da jerin lambobi biyu, manya da ƙanana a bayansu, kunnuwansa suna da huji, kuma an yanke gefen zoben ta baya ya bar tudu. In jeri ɗaya ne, kunnuwan ba huji, gefen a shafe, tsohon tsari ne. Mai gyaran da ya san aikin yana iya yanke zoben ya hau, amma kayan gado ne, ni da zan bar shi yadda yake. Ki nemi Nikkor 50mm f/1.8 na AI ko AI-S, ko Series E 50mm f/1.8 da ya fito a 1979, ƙarami ne, mara nauyi, hotonsa ba abin rainawa ba. Wanda aka rubuta G bayan lambarsa kada ki saya, ba shi da zoben ƙofar haske.

Tambaya: Daga Maraɗi. Ina da Pentax Spotmatic da Super-Takumar 50mm f/1.4. Gilashin ya koma ruwan ɗorawa, wani kuma ya ce mini yana fitar da guba. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, malam. An sa sinadarin toriyom a gilashin da yawa daga cikinsu domin ya ƙara masa ƙarfin lanƙwasa haske, kuma sinadarin yana fitar da tururin nukiliya kaɗan, wanda shi ne ke rina gilashin a hankali. Ɗaukar hoto da shi na yau da kullum ba abin tayar da hankali ba ne. Kada dai ka fasa gilashin ko ka goge shi da abu mai kankara, kada ka daɗe da shi manne a ido, kada kuma ka bar shi shekara da shekaru a kan kyamara da fim a ciki.

Launin yana raguwa da hasken UV, wani haske da ido ba ya gani wanda ke cikin hasken rana. Fitilar UV ta fi, ka ajiye shi ƙarƙashinta kwanaki kana dubawa. Rana ma tana yi, amma zafin ranar Maraɗi zai narkar da giris ya gangaro kan ganyayyaki, kuma lensi yana tara hasken rana wuri guda har ya ƙona abin da ke bayansa. In fim fari da baƙi kake ɗauka, kana iya ƙyale shi, ɗan haske kawai yake ci.

Tambaya: Lensin Canon AE-1 ɗina, FD 50mm f/1.8, zai hau Canon ta zamani?

Amsa: Ya danganta da wacce. Canon ya bar bakin FD ya koma EF a 1987, kuma tazarar FD milimita 42 ce, ta EF 44. Don haka a Canon EOS mai madubi, wadda ke da bakin EF, sai da adafta mai gilashi a ciki, wanda ke rage kyan hoto. Ban ba ka shawarar yin haka ba. A marasa madubi, irin su Canon R ko Sony E ko Fujifilm X, adafta mara gilashi ya wadatar, saiti da ƙofar haske duk da hannu. In kyamarar mai ƙaramar sansa ce, wato abin da ke kama hoto a madadin fim, hoton zai matso kamar na lensi mai milimita 75 zuwa 80, ya fi dacewa da ɗaukar fuska fiye da ɗaukar taro.