Me ya sa Iran ke shan takunkumi kan nukiliya, Isra'ila kuwa ba mai ce mata uffan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kullum sai mu ji an ƙaƙaba wa Iran takunkumi saboda nukiliya, alhali ba a tabbatar tana da bam ko ɗaya ba. Isra'ila kuwa, da ake cewa tana da shi, ba a taɓa ta. Wace irin doka ce wannan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tushen maganar yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ce, wadda aka fara sa wa hannu a 1968, ta fara aiki a 1970. Ta amince ƙasashe 5 kaɗai su riƙe makamin, wato waɗanda suka gwada shi kafin 1967: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin. Sauran suka yi alkawarin ba za su ƙera ba, bisa sharaɗin a bar su su amfana da nukiliya wajen lantarki da magani, manyan kuma su kama hanyar kwance ɗamara.

Iran ta sa hannu tun zamanin Shah, sarkinta na da. Isra'ila ta ƙi, haka ma Indiya da Pakistan, kuma har yau Isra'ila ba ta ce tana da makamin ba, ba ta kuma musanta ba. To ka ga inda gizo ke saƙar: dokar wanda ya shige ta take kamawa. Da aka tona asirin tashar Natanz a 2002, wadda Iran ba ta sanar da IAEA, hukumar kula da nukiliya ta duniya, ba, sai aka samu hujja a kanta, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa mata takunkumin farko a Disambar 2006. Ko da wani zai kai ƙarar Isra'ila kwamitin, Amurka za ta hau kujerar na-ƙi. A doka akwai bambanci tsakanin ƙasashen biyu, amma a ma'aunin adalci, ni ban ga yadda za a kare wannan ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne makomar yarjejeniyar Vienna ta 14 ga Yulin 2015, wadda Iran ta ƙulla da manyan ƙasashe don a ɗage mata takunkumi. Iran ta yarda ba za ta tace yuraniyom ya wuce kashi 3.67 cikin 100 ba (bam yana buƙatar wajen kashi 90), ba za ta ajiye fiye da kilo 300 ba, ta kuma rage na'urorin tacewa daga kusan 19,000 zuwa 6,104. Masu sa ido suka yi ta shiga suna dubawa, suna shaida cewa tana cika alkawari. Duk da haka, ranar 8 ga Mayun 2018 Trump ya janye Amurka. Turawa suka ce su suna nan daram, sai dai takunkumin Amurka ba Iran kaɗai yake bi ba: duk kamfanin da ya yi hulɗa da ita zai iya rasa kasuwar dala. Shi ya sa Total ta Faransa ta tattara komatsanta ta bar aikin iskar gas na Iran.

Daga 2019 Iran ita ma ta fara warware nata alkawuran, a 2021 ta kai tacewa kashi 60, matakin da ke da wuyar karewa da sunan lantarki. Wannan laifinta ne, ba na ɓoye shi. A Yunin 2025 Isra'ila da Amurka suka kai wa tashoshinta hari, a Satumba kuma takunkuman Majalisar Ɗinkin Duniya suka dawo bisa buƙatar Birtaniya, Faransa da Jamus.

Tsorona shi ne darasin da wasu ƙasashe ke ɗauka. Gaddafi na Libiya ya miƙa shirinsa na nukiliya a 2003, aka kashe shi a 2011. Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniyar hana bazuwar makaman a 2003, ta gwada bam a 2006, ba wanda ya kai mata yaƙi. A majalisar dokokin Iran ma an sha ta da maganar ficewa, kuma ƙofar a buɗe take: sashe na 10 na yarjejeniyar sanarwar wata 3 kawai ya nema.