Cin kofin AfroBasket yana kai ƙasa Olamfik?

Malam, ka tambaya ko ƙasar da ta ci kofin ƙwallon kwando na maza na Afirka, wato AfroBasket, tana wucewa Olamfik kai tsaye. A da haka abin yake. A 2015 a Tunisiya D'Tigers, tawagar Najeriya, sun doke Angola 74–65 a wasan ƙarshe, nasarar da ta kai su Olamfik na Rio 2016 ke nan.

Daga 2017 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta sauya tsari, kuma a ganina ta rage wa AfroBasket armashi. Yanzu sai an bi ta Kofin Duniya: ƙasar Afirka da ta fi taɓuka abin kirki a can ita ke samun gurbin Olamfik kai tsaye. Haka Najeriya ta samu gurbin Olamfik na Tokiyo a Kofin Duniya na 2019, Sudan ta Kudu kuma ta samu na Faris a na 2023.