Imel ɗinmu yana dawowa, an ce muna cikin baƙin littafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da imel na wani ƙaramin kamfanin sayar da kayan gini, kuma sabar da muke amfani da ita, wato kwamfutar da ke aika mana imel, haya muka karɓa. Kwana uku ke nan, duk takardar farashin da muka tura wa abokan ciniki sai ta dawo da lamba 550, tare da bayanin cewa adireshinmu yana cikin baƙin littafi. Mu kuwa ba mu taɓa tura wa kowa saƙon shara ba. Ina laifinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Mai yiwuwa ne ba ku da laifin komai, kuma abin yana damuna, domin mai ƙaramin kasuwanci ne ya fi shan wahalarsa.

Akwai ƙungiyoyi masu tattara adiresoshin IP (lambobin da ake gane kowace sabar da su a intanet) da ake zargi da watsa saƙonnin shara a cikin jerin da ake kira baƙin littafi, mafi shahararsu ita ce Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a 1998. Su ba sa tare saƙon kowa da hannunsu. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar sabarku ta ƙwanƙwasa ƙofar sabar wanda kuka rubuta wa, sai waccan ta tambayi littafin ta hanyar DNS, tsarin neman adireshi a intanet, ko ya san wannan adireshi. Idan amsar ta zo da lamba irin 127.0.0.2, alamar cewa adireshin yana cikin littafin, sai ta rufe ƙofa tun kafin ta duba abin da kuka rubuta. Lamba kawai ake hukuntawa, ba a san ko wane ne a bayanta ba.

A nan ne mai gaskiya yake shiga uku. Kamfanin da ya ba ku haya zai iya ɗora mutane da yawa a kan adireshi ɗaya, ko ya ba ku wanda wani ɗan damfara ya ɓata kafin zuwanku. Wasu littattafan ma ba sa tsayawa a kan adireshi guda: mataki na 3 na littafin UCEPROTECT yana saka dukkan adiresoshin kamfanin sadarwa ne baki ɗaya saboda laifin wasu daga cikin masu hayarsa. Zama da maɗaukin kanwa ke nan, kuma a ganina wannan hukunci bai dace ba. Wani lokaci kuma littafin ne da kansa yake lalacewa. A ƙarshen Janairun 2021 wa'adin rajistar sunan shafin SpamCop, wani baƙin littafi, ya ƙare ba a sabunta shi ba, sai sabobin da suka dogara da shi suka riƙa ɗaukar kowace amsa a matsayin zargi, suna mayar da saƙonnin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Duk da haka, Malam, kada ka yi saurin wanke kanka. Buɗe rajistar sabarku ka ƙirga saƙonnin da suka fita a makon nan. Idan ka ga akwatin wani ma'aikaci ya tura dubbai da ƙarfe uku na dare, to an sace kalmar sirrinsa ne, kuma sai an canza ta kafin a nemi afuwa, in ba haka ba gobe a sake mayar da ku cikin littafin.

Bayan haka, karanta saƙon da ya dawo har ƙarshe, domin galibi yana faɗin sunan littafin. Shafin MXToolbox ma zai nuna maka. Idan Spamhaus ce, ka cike takardar neman cirewa a shafinta, kyauta ne, kuma duk wanda ya ce ka biya shi don ya cire ka daga can, kada ka ba shi ko sisi. Idan kuwa laifin maƙwabta ne, kamfanin haya za ka matsa wa ya sauya maka adireshi ko ya kori mai ɓarnar.

Ka kuma tabbatar an daidaita muku saitunan PTR da SPF da DKIM da DMARC, waɗanda su ne shaidar cewa saƙon daga gare ku yake. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan. Kafin komai ya daidaita, ka kira manyan abokan cinikinku a waya ka roƙe su su sa mai kula da imel ɗinsu ya saka adireshinku cikin waɗanda aka amince da su.