Amsa: Baba zai iya motsa jiki bayan ciwon zuciya?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin ce tun da aka sallamo shi kun hana shi ko zuwa masallaci, don tsoron kada ciwon ya tashi. Ai yawan kwanciyar ma raunana shi take yi, ga damuwa. Amma kada a sake shi zagayen Dandalin Murtala shi kaɗai. Akwai tsarin motsa jiki da ake yi wa masu ciwon zuciya a asibiti: yawanci sau 3 a mako ake yi, wajen makonni 12, ma'aikacin lafiya na auna jininsa da bugun zuciyarsa, ana ƙara motsa jikin kaɗan-kaɗan. Da yawa haki kan ragu, barci ya gyaru. Ku roƙi likitansa, a asibitin Barau Dikko ne ko na Shika, ya haɗa ku da sashen fisiyo, wato masu kula da gashi da motsa jiki. In ƙirji ya riƙe ko jiri ya zo, ya tsaya nan take.