Amsa: Kuɗin sasanci bayan haɗarin mota, sai na mayar wa inshorata?

Sannu ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi ya kiyaye gaba. Ka ce kana Amurka, an buge ka a mota, inshorarka ta biya kuɗin asibiti, yanzu ɗaya ɓangaren sun yarda su biya ka diyya amma kamfanin inshorarka ya aiko takarda wai a ba shi nasa. Gaskiya yawanci hakan ne, sabrogeshan suke ce masa, yana rubuce cikin takardun da ka sa wa hannu, hujjarsu ita ce ba za a biya ka jinya ɗaya sau biyu ba.

Amma fa kar ka yi saurin biya. Fara duba jiharku, domin Virginia misali ta hana kamfanonin inshorar lafiya wannan karɓar, wasu jihohin kuma sai an cike maka asararka duka tukunna su taɓa komai. In kuwa inshorar ta wurin aikinka ce wadda kamfanin da kake yi wa aiki ke biya daga aljihunsa, dokar tarayya ERISA ta 1974 ke aiki, nan kam abin da wuya, kotun ƙoli ma a 2013 ta ce sharuɗɗan takardar inshorar ne ke gaba. Medicare kuma, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi da naƙasassu, dole ne a mayar mata, babu wasa.

Ka nemi su turo lissafi layi-layi, sau da yawa za ka ga sun cusa magani da bai shafi haɗarin ba. Sannan lauyanka ya matsa su rage, tunda shi ya yi wahalar karɓo kuɗin ai sai su ɗauki kasonsu na ladansa. Kar ka kashe ko sisi kafin a rufe wannan maganar a rubuce.